Tsarabar Mai Nazari a Kan Tsofaffin Kuɗin Sin da Rarrabe Na Gaske da Jabu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ajiye ma'adinai a cikin ƙasa, Ya sanar da ɗan Adam yadda zai narka su ya zuba, kuma Ya kafa ma'auni a tsakanin bayinSa domin kada wani ya ci haƙƙin wani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaidi amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan maƙala ce a kan tara tsofaffin kuɗaɗen ƙasar Sin da hanyoyin tantance su. Fanni ne da Sinawa suka daɗe suna yi wa hidima, yau kuma ya yaɗu a duniya, ana cinikinsa a dakunan gwanjo da shafukan intanet, kuma jabu ya yi yawa a cikinsa har ya kusa rinjayar na gaske.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, tsohon kuɗi shaida ne a kan zamaninsa. A cikin Suratul Kahfi an ba da labarin samarin da suka farka daga dogon barcinsu, suka aiki ɗayansu birni da kuɗin azurfarsu ya sayo musu abinci. Malaman tafsiri irin su Ɗabari da Ibnu Kasir sun kawo cewa kuɗin nan ne ya bayyana al'amarinsu, domin mai abinci ya juya shi ya ga bugun sarkin da ya shuɗe da ƙarnuka, har ya zaci saurayin taska ya tono. To, tun da kuɗi shaida ne, hukuncinsa hukuncin shaida ne a gaban alƙali: ba a gina komai a kan maganarsa sai an tsarkake shi. Wannan tsarkakewa ita ce abin da za mu yi bayani.

Fasali na farko: asalin kuɗin Sin da zamunansa

Sinawa sun fara da kuɗin wuri, kamar yadda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa. A kabarin Fu Hao, matar sarki Wu Ding na daular Shang, wanda aka tono a Anyang a 1976, an sami wuri kusan 7,000. Daga baya, a zamanin da ƙasar ta rarrabu ƙananan masarautu masu yaƙar juna, aka koma zuba tagulla a siffar kayan aiki: wasu kamar shebur, wasu kamar wuƙa mai zobe a ƙota. Masarautun Qi da Yan sun shahara da na wuƙa. A Guanzhuang ta lardin Henan an gano maƙerar da ake zuba na shebur, kuma bincike ya sanya aikinta tsakanin shekara ta 640 da 550 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Da sarkin Qin ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ya tilasta kuɗin masarautarsa a kan kowa. Sunan kuɗin Ban Liang, kewayayye ne mai huji mai kusurwa huɗu a tsakiya. Wannan siffa ta zauna daram fiye da shekara 2,000. Dattawan da suka riski kwabo da anini masu huji na zamanin Turawa, waɗanda ake shiryawa a zare, ba za su sha wahalar gane yadda abin yake ba, sai dai hujin na Sin mai kusurwa ne, kuma ana shirya 1,000 a igiya ɗaya a lissafin hukuma. A shekara ta 118 kafin haihuwar Annabi Isa sarki Wudi na daular Han ya fito da Wu Zhu, wanda ya yi ta yawo fiye da shekara 700. A tsakani akwai Wang Mang, wanda ya ƙwace sarauta daga shekara ta 9 zuwa ta 23 Miladiyya, ya rikita jama'a da nau'o'in kuɗi barkatai, ciki har da wani mai kama da mabuɗi da aka cusa wa haruffan zinariya aka ce ya tsaya a madadin 5,000. Talakawa sun wahala da shi, amma yau wannan kuɗi yana cikin abin da masu tarawa suka fi bege, saboda haka yana cikin abin da aka fi yi wa jabu.

A shekara ta 621, shekara guda kafin Hijira, sarki Gaozu na daular Tang ya fito da Kaiyuan Tongbao, da rubutun hannun gwanin alƙalami Ouyang Xun. Nauyinsa wajen giram 4, faɗinsa wajen milimita 25. Shi ya zama abin koyi ga duk kuɗin da ya biyo baya, har a Japan da Koriya da Biyetnam. Abin lura ga Musulmi shi ne, kuɗin Sin na zubi ba ya ɗauke da hoton sarki, rubutu ne zalla. Daular Musulunci ta kai ga irin wannan tsari a shekara ta 77 bayan Hijira, lokacin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu komai a kansa sai rubutu.

Fataken Musulmi sun san wannan kuɗi. Abu Zaid mutumin Siraf, a farkon ƙarni na 10, ya siffanta shi a cikin labaran Sin da Hindu: tagulla ce mai gauraye, mai faffaɗan huji na igiya, 1,000 a bakin miskali guda na zinariya. Ya kuma kawo hujjar Sinawa ta ƙin ciniki da dinari, wato ɓarawo zai iya sungumar dukiyar mutum kaf idan zinariya ce, amma idan tagulla ce nauyi zai hana shi ɗaukar abin kirki.

A daular Song ta Arewa zubin kuɗi ya kai matuƙa. Wajen shekara ta 1080 ana zuba fiye da igiya miliyan 5 a shekara, wato biliyoyin ƙwayoyi. Wani jirgin fatake da ya taso daga Ningbo zuwa Japan ya nutse a gabar Sinan ta Koriya a 1323, kuma da aka tsamo kayansa an sami tan 28 na waɗannan kuɗaɗe. Daga nan za ka fahimci ƙa'ida ta farko a wannan fanni: tsufa ba shi ke sa tsada ba. Kuɗin Song mai shekara 900 ana iya samunsa da 'yan canji, alhali kuɗin zamanin Qixiang na 1861 yana da tsadar gaske, saboda an soke sunan wannan zamani bayan juyin da sarauniya Cixi ta yi a fada, aka narke yawancin abin da aka zuba. Ƙaranci da kyawun hali su ne ke yanke farashi.

Fasali na biyu: yadda ake zuba shi

Wanda bai san yadda aka yi abu ba, ba zai gane inda maƙaryaci ya kuskure ba. Kuɗin Rum da na Farisa da na Musulmi bugawa ake yi da guduma a kan hatimi. Na Sin kuwa narkawa ake yi a zuba, sai a 1889 aka buɗe gidan buga kuɗi na inji a Guangzhou. Da fari mazubin na yumɓu ne ko dutse ko tagulla. Daga wajen zamanin Tang aka koma zubin yashi, wanda Song Yingxing ya yi bayaninsa da zane a littafinsa na sana'o'i, Tiangong Kaiwu, a 1637.

Tsarin yana da hawa uku. Gwani zai sassaƙa ƙwaya guda da hannu, ita ce kakar kuɗi. Daga gare ta a zuba iyaye, a gyara su tsaf. Sai a danna iyayen a cikin yashi mai laushi da aka daddale a akwatin katako, a fitar da su, a ja hanyar da narkakken ƙarfe zai bi, a rufe a zuba. Idan ya huce sai a fito da shi kamar reshe mai ganye, a ɓalle ƙwayoyin, a jera su a sanda mai kusurwa huɗu a goge gefensu da magagari. Hujin mai kusurwa shi ke hana su juyawa a lokacin gugar, ko da yake Sinawa suna kuma fassara siffar da tsohuwar fahimtarsu cewa sama kewayayya ce, ƙasa mai kusurwa huɗu.

Ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Saboda haka uwa ta fi 'yarta girma kaɗan da kaifin rubutu, kaka kuma ta fi uwa. Riƙe wannan, domin za ka ga amfaninsa.

Fasali na uku: isnadin kuɗi

Malaman hadisi sun kamanta aikinsu da na mai tantance dirhami. An tambayi Abdurrahman ɗan Mahdi, wanda ya rasu a shekara ta 198 bayan Hijira, yadda yake gane ingantacce da gurɓatacce, sai ya buga misali da mai duba kuɗi wanda ake kai wa dirhamai ya ware mai kyau da marar kyau, ya nuna cewa wannan ganewa tana samuwa ne ta doguwar zama da masana da yawan jarrabawa. Malaman hadisin kansu ba su bar maganar da ta shahara game da neman ilimi ko da a ƙasar Sin ba: Ibnu Hibban ya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi ya sanya ta a cikin ƙagaggu, duk da daɗinta a kunne da yawan masu faɗinta. Mai tara kuɗi ya fi kowa bukatar wannan tarbiyya, ya duba isnadi, wato ta hannun wa abin ya biyo, sannan ya duba matani, wato jikin kuɗin kansa.

Isnadi mafi ƙarfi shi ne na kuɗin da masana suka tono da hannunsu, suka rubuta wuri da zurfi da abin da ke tare da shi. A 2013 masu bincike suka sami ƙwaya guda ta Yongle Tongbao a tsibirin Manda na Kenya. Irinta tana da yawa a kasuwa, amma samunta a wannan wuri ya sa ta zama hujja a kan cinikin gabar Afirka ta Gabas da Sin a wajen zamanin da Zheng He, Musulmin nan jagoran jiragen daular Ming, ya yi tafiye-tafiyensa bakwai tsakanin 1405 da 1433. Da wani ya tsince ta ya sa aljihu ya kai kasuwa, da wannan shaida ta mutu. Haka kuma idan an sami tulu cike da kuɗi, ana ɗaukar lokacin binne shi daga ƙwaya mafi sabunta a ciki, domin kuɗin Sin na dauloli daban-daban sun yi ta yawo tare.

Mai bi masa a ƙarfi shi ne kuɗin da ya fito daga sanannen tari, mai takardun saye da hoto ko tambarin tawada a tsohon littafi. Sinawa suna da al'adar ɗora lallausar takarda mai danshi a kan kuɗi su dandanna tawada, siffarsa ta fito daidai da girmansa, har da tabo da tsaga. Mafi rauni kuwa shi ne labarin baka: kakana ne ya bar mini, manomi ne ya tono a gonarsa jiya. Irin wannan daidai yake da ruwayar wanda ba a san ko wane ne ba.

Fannin yana da littattafansa. Mafi tsufa da ya wanzu shi ne Quan Zhi na Hong Zun, wanda ya kammala a 1149. Li Zuoxian ya fitar da Gu Quan Hui a 1864, Ding Fubao ya fitar da kundinsa mai hotuna a 1940, shi kuma David Hartill na Ingila ya wallafa nasa a 2005, wanda waɗanda ba sa karanta Sinanci suka fi dogara da shi. Sai dai tsofaffin littattafan ma an sami ƙagaggun kuɗaɗe sun kutsa cikinsu, kuma masu jabu suna karanta su fiye da masu saye. Akwai kamfanonin da ke tantancewa su rufe kuɗi a cikin akwatin roba mai lamba. Wannan yana taimakawa, amma akwatin ma ana yin jabunsa, saboda haka a duba lambar a rumbun bayanan kamfanin a gwada hoto da abin da ke hannu.

Fasali na huɗu: matanin kuɗi

Abu na farko ƙarfe ne. Binciken da aka yi a Sin da Ingila ya tabbatar da cewa tun daga farko har tsakiyar daular Ming ana zuba kuɗi da jan ƙarfe haɗe da kuza da darma. Rawayar tagulla mai haɗin tutiya ta shigo ne a zamanin Jiajing, a ƙarni na 16, daga nan ta zama ruwan dare har ƙarshen daular Qing. To, duk wanda ya nuna maka kuɗin Han ko Tang ko Song mai rawaya shar, kuma na'urar auna ƙarfe ta nuna tutiya mai yawa, magana ta ƙare. Wannan daidai yake da mai ruwayar da ya ce ya ji daga malamin da ya rasu kafin a haife shi. Sai dai na'ura tana iya kore ƙarya, ba ta iya tabbatar da gaskiya ita kaɗai, domin masu wayo suna narka tsofaffin kuɗi masu araha su zuba masu tsada da su.

Na biyu rubutu ne, kuma nan ne gwanaye suka fi tsayawa. Kowane zamani da hannunsa. Sarki Taizong na Song ya rubuta Chunhua Yuanbao na shekara ta 990 da salo uku. Sarki Huizong ya rubuta kuɗin Chongning da Daguan da siririn hannunsa mai kaifi. Mai jabu yana zana harafi ne yana kallo, saboda haka hannunsa yakan yi sanyi, lanƙwasa ta yi nauyi. Ana karanta yawancin kuɗin daga sama zuwa ƙasa, sannan dama zuwa hagu, wasu na Song kuma ana zagayawa. Daga 1180 daular Song ta Kudu ta fara sanya shekarar sarauta a bayan kuɗi. Na daular Qing suna da sunan maƙera a baya da haruffan Manchu.

A nan akwai abin da zai faranta ran mai karatun ajami. Bayan sarki Qianlong ya ci ƙasar Xinjiang a 1759, an buɗe maƙera a Yarkand a 1760, sannan a Aksu da wasu garuruwan Musulmi. Kuɗinsu na jan ƙarfe ne kusan tsantsa, shi ya sa ake kiransa jan kuɗi, kuma a bayansa akwai sunan gari da haruffan Larabci a gefen na Manchu. A Kuca, tsakanin 1864 da 1867, Rashidin Khoja ya zuba kuɗi mai huji irin na Sin amma rubutunsa duka da haruffan Larabci. Wanda ya iya alƙalami zai gane nan take idan mai jabu ya zana waɗannan haruffa ba tare da ya san abin da suke faɗi ba.

Kada kuma suna ya ruɗe ka. Kaiyuan Tongbao ba na zamanin Kaiyuan ba ne, wanda ya fara a 713. Ya riga shi da shekara 92, kuma an ci gaba da zuba shi wajen ƙarni uku. Waɗanda aka zuba daga 845, lokacin da sarki Wuzong ya sa aka narke gumaka da ƙararrawar gidajen bautar Buddha, ana gane su da harafin maƙera a baya. Jan kuɗi mai sunan Qianlong an ci gaba da zuba shi a Xinjiang da daɗewa bayan rasuwarsa. Zamanin Zhengde kuwa, daga 1506 zuwa 1521, hukuma ba ta zuba kuɗi da sunansa ba, saboda haka duk mai wannan suna daga baya aka yi shi, galibi don camfi. Akwai kuma na maƙwabta, kamar Kan'ei na Japan da Sangpyeong na Koriya, waɗanda sabon shiga yake ɗauka na Sin ne.

Na uku tsatsa ce. Tagullar da ta kwana a ƙasa ƙarnuka tana yin tsatsa kore ko shuɗiya ko ja, mai tauri kamar dutse, wadda ta tsiro daga cikin ƙarfen hawa-hawa. Wadda ba ta taɓa shiga ƙasa ba, tana yawo hannu zuwa hannu, tana yin baƙi ko ruwan ƙasa mai sheƙi, kuma gogewarta tana kan wuraren da suka fi tudu. Tsatsar ƙarya shafe ce. Ana yin ta da ruwan tsami ko gishiri ko fitsari a binne na 'yan watanni, ko a kwaɓa launi da gam. Irin wannan tana da laushi, launinta ɗaya ne ko'ina, tana barewa da farce, wani lokaci tana wari, kuma ta gam tana narkewa a ruwan zafi ko sinadarin asiton.

Na huɗu awo ne da sauti. A auna nauyi da faɗi da kauri a gwada da na littafi, tare da sanin cewa kuɗin zubi yana da 'yar sassauci. Tsohuwar tagulla mai darma sautinta a dushe yake, sabon zubi yana da ƙara mai kaifi, amma rawayar tagullar Qing ta gaske ma tana da zaƙin sauti. Saboda haka sauti alama ce mai rauni, kuma kada a jefa siririn kuɗin wuƙa ko na shebur a ƙasa don a ji ƙararsa, karyewa zai yi. Babu alama guda da ke tabbatar da gaskiyar kuɗi ita kaɗai. Sai sun taru sun ƙarfafi juna.

Fasali na biyar: dabarun masu jabu

Dabararsu mafi yawa ita ce su ɗauki kuɗin gaske su mai da shi uwa su zuba wani. Nan tsukewar ƙarfe take tona su: sabon ya fi asalin ƙanƙanta, rubutunsa ya dushe, filinsa da ƙananan ramuka. Kuma duk tabon da ke jikin asalin zai fito a jikin 'ya'yansa duka. Idan ka ga ƙwaya biyu masu tsaga iri ɗaya a wuri ɗaya, to ka yi zargin aƙalla ɗaya ƙarya ce.

Ta biyu, su ɗauki kuɗin gaske mai araha su kankare harafi guda su sassaƙa wani, ya koma mai tsada. Wannan ta fi haɗari, domin ƙarfen na gaske ne, tsatsar ma ta gaske ce. Ana kama ta da madubin ƙara girma: filin da ke kewaye da harafin ya fi zurfi, akwai sawun wuƙa, an cike shi da tsatsar shafe, kuma hannun harafin ya saɓa wa 'yan'uwansa uku. Ta uku, su goge ƙwaya biyu su manne fuskar wannan da bayan waccan. Ana ganin layi a gefe, sautinsa kamar na fasasshen kasko. Ta huɗu, su ƙago abin da bai taɓa wanzuwa ba su ce shi kaɗai ne a duniya.

A bambance wannan da jabun da aka yi a zamanin da kuɗin ke yawo. Tun daular Han mutane suna zuba nasu a ɓoye, sirara marasa nauyi, duk da hukuncin kisa. Waɗannan ƙarya ce a zamaninsu, amma yau shaida ce ta gaske a kan halin talauci da raunin hukuma, kuma masana suna tara su da sunansu.

Amma babbar dabarar ba a maƙera take ba, a zuciyar mai saye take. Mai jabu ya san kana son ka sami na miliyan a kuɗin goro, sai ya bar ka ka yaudari kanka. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk kuɗin da littafi ya ce ƙwayoyinsa ƙidayayyu ne a duniya, ka gan shi a shimfiɗe a bakin titi ko a intanet da araha, to ka wuce.

Fasali na shida: abin da shari'a ta ɗora wa mai wannan sha'awa

Tara tsofaffin kuɗi domin ilimi da izina halal ne, matuƙar bai kai ga almubazzaranci ko shagala daga wajibi ba. Alƙur'ani ya yi ta umarni da tafiya a bayan ƙasa da duban ƙarshen waɗanda suka gabata, kuma tire guda na waɗannan ƙwayoyi jerin sunayen sarakuna ne da suka mallaki miliyoyin mutane, yau babu ko ɗaya. Tunda an daina ciniki da su, na tagulla sun zama haja. Wanda ya tara don kasuwanci zai fitar da zakkar kayan fatauci. Na zinariya da azurfa kuwa hukuncin canji da zakkarsu yana nan.

Algus haramun ne. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Saboda haka wajibi ne mai sayarwa ya faɗi gyara, da cike, da wanki, da duk shakkar da yake da ita. Ɗaga farashi a gwanjo ba da niyyar saye ba, don a ruɗi wani, shi ne najashi da aka hana. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya tsananta a kan shigar da jabun dirhami cikin mutane, domin zunubinsa yana ci gaba muddin yana yawo, ya wajabta wa ɗan kasuwa koyon tantancewa don kada ya miƙa wa ɗan'uwansa jabu cikin rashin sani, ya kuma ce a jefa shi inda hannu ba zai kai ba. To, wanda aka cuta da jabu ba shi da izinin tura shi gaba don ya fanshe hasararsa. Ko ya lalata shi, ko ya yi masa alamar da ba ta gogewa ya ajiye don koyarwa.

Game da abin da aka tono, fiƙihu ya san rikazi, wato binnen mutanen jahiliyya, wanda ake fitar wa humusi, kuma Imam Malik ya karhanta tone kaburburansu don neman dukiya. Dokar Sin ta 1982 ta ce duk kayan tarihin da ke ƙarƙashin ƙasa na hukuma ne, ƙa'idar 2007 ta hana fitar da na kafin 1911 daga ƙasar, Amurka kuma tun 2009 ta taƙaita shigar da kuɗin Sin na zamanin Tang da na gabaninsa. Ɗan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou ko Yiwu da biza ya shiga da alkawarin bin dokar ƙasar, kuma Musulmi ba ya saɓa alkawari. Abin da za a tallata masa a kasuwa ɗayan biyu ne: ko jabu ne ya yi hasara, ko na gaske ne ya shiga hannun kwastan.

Saura gargaɗi guda mai nauyi. Ana sayar da ƙwaya biyar na sarakunan Qing, daga Shunzhi zuwa Jiaqing, a ɗaure da jan zare, wai suna jawo arziki su kori sharri idan an rataye a ƙofar shago. Yawancinsu sabon zubi ne, kuma ko da na gaske ne, tagulla ba ta amfanarwa ba ta cutarwa. Wanda ya rataya da wannan ƙuduri ya taɓa tauhidinsa, kuma wannan hasara ta fi ta kuɗi.

Kammalawa

Ya kai mai sha'awar wannan fanni, sayi littafi kafin ka sayi kuɗi. Fara da masu araha na Song ta Arewa da na sarakunan Qing Kangxi da Qianlong, ka yawaita juya su a hannu har idonka ya saba da na gaske, ka kuma ziyarci tarin gidajen tarihi irin na Shanghai ko da ta hotunansu ne. Rubuta inda ka sami kowace ƙwaya da nauyinta da faɗinta, domin ka zama amintaccen mai ruwaya ga wanda zai gaje ka. Kada ka goge tsatsa don neman ƙyalli, domin hujjar kake gogewa. Idan ka ga kore mai gari-gari yana cin ƙarfe, ware wannan ƙwaya ka ajiye ta a busasshen wuri. Idan hujjoji ba su cika ba, ka dakata, ka ce Allah ne Mafi sani, domin dakatawa ma hukunci ce a wajen masana. Idan kuma kai ne mai sayarwa, faɗi aibi kafin a tambaye ka.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya tsarkake cinikinmu daga algus. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.